Damin da Ya Komo Gida

A wani ƙauye da ke arewa da kwalta, tsakanin Agye da Gazawa a jihar Maraɗi, an yi wani dattijo da duk yankin aka san shi da harawa. Ba shi ya fi kowa faɗin gona ba, ba shi kuma ya fi kowa cika rumbu ba. Amma ko a kasuwar Cadawa ka ambaci sunan ƙauyensu, sai wani ya tambaye ka lafiyar tsohon nan mai ɗaurin kaba biyu.

Wanda bai zauna a wannan yanki ba zai yi mamakin yadda ganyen wake ke ɗaga sunan mutum. Da can ba haka abin yake ba. Kakanninmu in sun kai hatsi rumbu sai su bar kara da harawa a gona, Fulani su gangaro daga arewa su yada zango, shanu su ci su bar taki, mai gona har ya ba da damin gero na godiya. A lokacin gyaɗa ce kuɗin ƙasar Maraɗi. Farin da aka yi a 1973 da 1974 ya karya noman gyaɗa, na 1984 ya zo ya kwashe dabbobi, jama'a kuma ta yi ta ƙaruwa har saura ta ƙare, gona ta haɗe da gona. Wake ya hau gurbin gyaɗa, har ta kai yau ba ƙasar da ta fi Nijar noman wake a duniya sai Najeriya. Ɗan abin da ya rage na makiyaya garmani ya mamaye shi, ciyawar da dabba ba ta damu da ita ba. A garuruwa kuwa, da wuya ka shiga gida ba ka ji kukan rago a turke ko jar akuya a bayan ɗaki ba, kuma duk abinci suke jira. Shi ke nan harawa ta zama girbi na biyu. Kafin gwamna ya sanar da ranar sakin gonaki, manoma sun riga sun kwashe duk abin da dabba za ta iya ci.

Cinikinta kuwa lokaci ne ke juya shi. Da kaka kowa na da dami, kowa kuma na neman kuɗi, ga bashin damina, ga yara za su koma lakwal, ga bukukuwa. A nan ƴan kasuwa ke bin ƙauyuka da amalanke suna saye da araha suna jibgewa. In bazara ta kankama, daga watan Afrilu har ruwa ya sauka sabuwar ciyawa ta fito, damin nan sai ya ninka kuɗinsa sau biyu, wani lokaci har uku.

Dattijon ya san wannan sarai, amma ba jira kaɗai ya yi masa suna ba. Ba ya bari wake ya bushe ƙurmus a gona. Da an gama roron ƙarshe, ganye na nan da ɗanyen launinsa, sai ya sa a yanke a baza, kwana biyu zuwa uku ana juyawa. Naɗi kuwa da sassafe yake yi, lokacin da sanyin raɓa ya sa ganyen ya yi laushi ba ya kakkaɓewa, domin a harawa ganyen ake saye, jijiyar rakiya ce. Yakan cusa hannu cikin kowane dami kafin ya ɗaure. In ya ji ɗumi ko damshi sai ya warware ya sake shanyawa. Daga nan a ɗora a kan rumfa, saura a rataye a rassan itatuwan gona, inda gara da awaki ba sa kaiwa. Itatuwan nan ma shi ya rene su da hannunsa, tun lokacin da sassaben zamani ya bazu a yankin, irin wanda ya sa aka san ƙauyen Ɗan Saga har a ƙasashen waje.

Ɗaurinsa da kabar Gulbin Kaba yake yi, zube biyu, ɗaya kusa da kai, ɗaya kusa da gindi, ya murɗa ƙullin ya soke bakinsa ta hagu. Haka mahaifinsu ya koya musu, shi da yayarsa mace da aka kai aure Tsibiri, cikin ƙasar Gidan Rumji. Harawar kuma kashi uku yake yi mata. Kashi ɗaya na shanun amalanke da awakin gida, ba a taɓa shi ko nawa aka taya. Kaɗan yakan sayar da kaka don toshe wata ƴar buƙata. Mafi yawa sai bazara. Duk wanda ya zo saye, sai ya ce masa ya nuna damin da ya ga dama a kwance masa. Wani Alhaji daga Maraɗi ya yi shekaru yana kwancewa bai taɓa samun abin ƙi ba, har ya gaji ya daina. Da ya ga kaba biyu sai ya ce wa yaransa su loda.

Dattijon na da ɗa, autansa, wanda kowa ke kira Auta. Yaro ne mai ƙwazo, ba ya shaye-shaye, ba ya raina mutane. Kowace shekara bayan kaka yakan tafi ci-rani Najeriya ya dawo da ɗan abin hannunsa. A 2023 sai abubuwa suka cuɗe. Bayan juyin mulkin watan Yuli aka rufe iyaka, naira kuma ta yi ta faɗuwa, har abin da mutum zai tara a wata uku in ya canza shi zuwa sefa bai taka kara ya karya ba. Ga shi an riga an sa masa rana, za a ɗaura aure bayan Babbar Salla. Sai ya haƙura da tafiya ya sa ransa a kan gayaunarsa, wadda ya cika da wake a tsakanin gero.

Waken ya yi kyau. Amma lokacin da ya yanke harawa ya baza, sai aka kira shi aikin lada a wata gona, ya ce bari ya yi kwana biyu ya samu na kashewa. A daren na biyu wani ruwan ƙarshen damina, wanda ba wanda ya sa ran zuwansa, ya sauka a kanta. Da ya dawo, maimakon ya sake bazawa ya jira, sai ya yi sauri ya naɗe don kada wani ruwan ya ƙara samunta. Bayan sati biyu cikin damman ya yi baƙi, farar hunhuna ta kama shi. Mahaifinsa ya cusa hannu, ya shinshina, ya girgiza kai.

"Wannan ta riga ta tafi, Auta. Kai ta ramin taki, baɗi gona ta ci. Allah ya mayar maka da alheri."

"To, Baba," in ji shi.

Bai kai ta ramin taki ba. Ya jibge ta a bayan wani kango ya rufe da tsohuwar zana, ba da wata niyya ba tukuna, zuciyarsa ce kawai ta kasa ganin wahalar damina guda ta zama taki.

Da azumi ya wuce, idon dattijon da ya daɗe yana damunsa ya matsa, aka kai shi Maraɗi aka yi masa aikin yana, ya zauna gidan babban ɗansa yana jinya. Sayar da harawar bana sai ta koma hannun Auta. Shekarar kuwa kiwo ya yi tsada, dusa ta yi wuya, ga layya za ta zo a tsakiyar watan Yuni na 2024, daidai lokacin da daji ya ƙare ƙaf kuma kowane mai rago ke son ya ga dabbarsa ta ciko.

Wani dillali da ke yawo a ƙauyukan yana haɗa manoma da masu saye don ya samu la'ada, shi ya hango jibgin nan na bayan kango. Ya ɗaga zana, ya duba, ya yi dariya.

"Kai yaro, kuɗi ne ka rufe da zana haka?"

"Ta lalace. Baba ya ce taki za a yi da ita."

"Baba mutumin da ne. Wa ya gaya maka ana kwance harawa a bazara? Fuska ake saye. Ka warware mai kyau ka shimfiɗa, ka sa wannan a tsakiya, ka naɗe. Damin gidanku ma wa ke taɓa shi? Ai ko ƙasa ka ɗaure da kaba biyu Alhaji zai loda."

Auta bai amsa ba. Amma maganar ta kwana da shi, ta tashi da shi. Ya lissafa kuɗin lefe, ya lissafa gyaran ɗaki, ya ga harawar mahaifinsa ba tasa ba ce, tasa kuwa ga ta a bayan kango. Dare huɗu ya yi yana aikin da fitilar salula, shi kaɗai. Ya sauke masu kyau daga rumfa ya warware, ya raba kowanne biyu, ya cusa baƙar a ciki, ya naɗe, ya ɗaure da kaba biyu, ya murɗa ƙullin ya soke ta hagu. Hannunsa ya iya ɗaurin, tun yana ƙarami yake yi. Da ya gama, dami 70 ne a jere, kore shar a ido.

Alhaji ya iso da kamyo da hantsi. Suka gaisa, ya tambayi jikin tsoho.

"Da sauƙi, Alhaji, an cire masa bandeji."

"Madalla. To nawa ya ce?"

"Jika guda da dala 40."

"Haba ɗana. Dala 160."

"Albarka."

"Dala 180, kuɗin mota ma ya hau."

"Albarka, Alhaji. Kun san kayan gidan nan."

"Na sani, shi ya sa na wuce ƙauyuka uku ban tsaya ba. Jika guda, in ka sallama."

"Na sallama. Allah ya sa albarka."

Aka tsaya a jika guda, wato sefa 1,000 kowane dami. Wani yaron mota ya ɗaga ɗaya ya ce wannan da nauyi, Alhaji ya ce ai harawar tsoho ce, ba a yi mata ƙwauro. Gaban Auta ya faɗi, amma ba wanda ya duba fuskarsa. Aka ƙirga masa kuɗi, dillali ya karɓi nasa, mota ta hau kwalta ta nufi Maraɗi, tafiyar kimanin kilomita 80.

Ya kamata a yi wa yaron adalci a nan. Kasuwar harawa ba ta da sikeli, ba ta da tiya. Dami ido ne da amana kawai, kuma manomi ya daɗe yana ganin wanda bai taɓa riƙe lauje ba yana cin ribar da ta fi tasa. Wannan takaicin gaskiya ne, kuma shi ke sa wasu su ga kamar in sun cuci ɗan kasuwa rama wa kansu suka yi. Sai dai ɗan kasuwa hanya ce kawai, kayan wucewa suke yi. Inda suke tsayawa shi ne gidan matar da ta tara kuɗin ƙuli-ƙuli ta sayi rago, ko ɗan fansho mai tumaki biyu, ko mai amalanken da jakinsa ke ciyar da iyali. Su ne ba su da wanda za su tura wa asarar.

A Tsibiri, Gwaggo, yayar dattijon, tana da rago a turke. Mijinta ya rasu da daɗewa, da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take riƙe gida. Tana cikin asusun Mata Masu Dubara, tsarin nan da aka fara a ƙasar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, inda mata ke zuba kuɗi mako-mako suna ba juna rance. Daga nan ta ci bashi ta sayi ɗan Balami fari mai tsawo tun da kaka. Lissafinta a shirye yake: ta sayar da shi gab da layya, ta biya asusu, abin da ya yi sama ta kai gudummawar auren Auta, ɗan ƙaninta, wanda ita ta yi masa wankan jego tare da uwarsa.

Ƙanin nata yakan aiko mata da harawa da kaka, amma ta ƙare, kuma kuɗin motar da za a sake aikowa ya fi kuɗin harawar. Sai ta fita saye. A bakin hanya, wurin wani mai sayarwa da ke sarowa daga hannun Alhaji, ta hango kaba biyu da ƙulli a soke ta hagu. Ta yi murna har ta ce wa mai kayan wannan ɗaurin gidan ubanta ne. Ya sa mata kuɗi sama da na sauran, ba ta ja ba. Ta sayi guda takwas, ta sa aka ɗora mata a rumfa, ta bar wa jikanta aikin bai wa rago safe da yamma.

Ragon ya cinye na waje, da ya kai ciki sai ya kau da kai. Yaron bai san komai ba, ya bar masa a gabansa, yunwa ta sa ya riƙa tsakura. Cikin kwanaki kaɗan zawo ya kama shi, gashinsa ya tashi, ƙashin bayansa ya fito. Gwaggo ta zargi ruwa, ta zargi dusa, ta zargi baki, ta jiƙa masa sassaƙe, ta sayo ƙwayoyi a kasuwa. Harawa kaɗai ce ba ta zarga ba, don ta san hannun da ya ɗaure ta. Sai da ta kira mai yi wa dabbobi allura, ya duba ragon ya ce a nuna masa abin da yake ci. Ya sauko da dami, ya yanke kabar, ya buɗe. Ƙura fara ta tashi, warin ruɓa ya cika tsakar gida. Ya buɗe na biyu, haka. Ya ce ragon zai tashi in an canza masa abinci, amma naman da ya zube ba zai dawo kafin Salla ba. Haka kuwa aka yi. Ranar da ta kai shi kasuwa, abin da aka taya bai wuce kuɗin da ta saye shi ba sai da kaɗan, wata bakwai na dusa da ɗebo ruwa sun tafi a banza.

Bayan Salla da kwana uku ta ɗauki dami ɗaya da ba a kwance ba ta shiga mota. Ɗan kamasho ya ce sai ta biya kuɗin kaya, fasinjoji suna ta mamakin tsohuwar da ke kai harawa ƙauye daga birni. Ta biya ba ta ce komai ba.

Dattijon ya dawo gida, idonsa ya washe. Ya yi murna da ganin yayarsa, aka kawo ruwa, aka kawo fura, aka yi barka da Salla, aka tambayi mutanen Tsibiri ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ta da maganar ba sai bayan la'asar, da baƙi suka watse. Ta sa aka kawo damin aka ajiye a gabansa.

"Ɗaurin wa ne wannan?"

Ya shafa kabar. "Namu ne, Yaya."

"To kwance."

Ya kwance. Ya daɗe yana kallon abin da ke ciki. Ya ɗebi kaɗan ya murza, ya kai hanci, ya zubar. Sannan ya ce a kira masa Auta.

Auta ya shigo ya durƙusa ya gaida Gwaggo. Da idonsa ya sauka a kan damin sai maganar ta maƙale.

"Wannan ce na ce ka kai ramin taki?"

"Ita ce, Baba."

"Guda nawa?"

"Guda 70." Ya yi shiru, sannan ya ɗago kaɗan. "Baba, ku yi haƙuri, amma kowa haka yake yi. Alhajin nan da ya saya jika guda, da riba mai yawa ya sayar. Shekara nawa yana ci da guminku?"

"Alhaji ba ya cin harawa," in ji dattijon. "Ka taɓa ganin ya ci? Ga wadda ta saya nan zaune."

Gwaggo ba ta ɗaga murya ba. Ta ba shi labarin ragon tun daga ranar da ta jawo shi daga kasuwa, da bashin asusu, da abin da ta yi niyyar yi da ribar. "Na so in shigo garin nan da abin da za a ce ga na Gwaggo. Ga shi nan na kawo maka, ɗana. Da ɗaurin wani ne, tun ranar farko da na buɗe. Ɗaurin ubana na gani, shi ya sa na tsaya ina kallon dabbata tana lalacewa."

Auta ya kifa kai a ƙasa yana kuka. Mahaifinsa ya bar shi har ya yi shiru. Sannan ya tuna masa abin da liman ke yawan faɗa, yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci a kasuwa, ya cusa hannu cikin tarin ya ji damshi, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, aka umarce shi da ya sa jiƙaƙƙen a sama inda mai saye zai gani. Ya ce ruwan da ya daki harawar ba laifin kowa ba ne, da ya kai ta kasuwa a buɗe ya ce ga yadda take, ko mai neman shimfiɗar turke ya saya da ɗan abin da ya samu, da halaliyarsa ce.

"Kuɗin suna nan?"

"Na taɓa wasu na sayi kwanon rufi."

"Gobe ka mayar da kwanon. Harawar shanu da ta rage a rumfa, ka sauke ta duka."

Uwar Auta da ke bakin ƙofa ta ce, "Malam, shanun fa? Damina ta zo."

"Su ci kara da ƴaƴan gawo. Allah ba zai hana su ba."

Washegari uba da ɗa suka bi mota zuwa Maraɗi da dami 25 masu kyau da kuɗin a ƙulle. Alhaji ya saurare su har ƙarshe. Ya ce kayan sun daɗe da ƙarewa, mutum uku sun dawo masa da ƙorafi, ɗaya har ya zage shi a gaban jama'a, shi kuwa ya rantse musu cewa ba daga wurinsa ba ne, don bai yarda kaba biyu za ta yi haka ba. Wannan rantsuwar ta fi komai yi wa dattijon ciwo. Alhaji ya haɗa Auta da yaronsa suka shiga unguwanni, Mokoyo da Bagalam da wasu, gida gida, duk wanda aka tuna ya saya. A kowace ƙofa Auta da bakinsa yake faɗin abin da ya yi, ya miƙa harawa ko kuɗi. Wata mata ta karɓa ta sa masa albarka. Wani ya karɓa ya rufe ƙofa bai ce uffan ba. Wani ya ce akuyarsa ta yi ɓari, me dami biyu za su yi masa. Fiye da rabin masu sayen ba a gano su ba, ƴan bakin hanya ne da suka saya suka wuce. Kuɗinsu dattijon ya sa aka yi sadaka da shi da niyyar ladan ya kai gare su.

Da za su rabu, Alhaji ya riƙe hannun dattijon ya ce, "Ni da kai ba komai, Malam, ka fita. Amma kada ka ji haushi in ka ga na kwance daga yau. Ni ma amanar wasu ce a hannuna."

"Ka kwance, Alhaji. Da ma can ni ban hana ba."

Damina ta kama shanun gidan a rame, aikin gona ya yi jinkiri, aka yi ta cewa a gari tsoho ya tsananta, wasu kuma suna cewa daidai ya yi. Dillalin ya daina biyowa ta ƙofar gidan, amma bai bar sana'arsa ba, yana nan yana zagaya wasu ƙauyukan. Iyayen yarinyar da Auta zai aura sun ji labari kamar kowa. Mahaifinta ya yi kwanaki yana shawara, daga baya ya aiko cewa yaron da ya iya bin gidajen Maraɗi yana tona kansa ba za a hana shi mata ba, sai dai a ɗaga ranar.

Daminar 2024 ta zo da ruwa mai yawa, har ambaliya ta rushe gidaje a Maraɗi. Da kaka Auta bai yarda ya matsa daga gona ba tun daga ranar yanka har ranar ɗauri. Duk da haka wani gefe ya jiƙe, ya kwashe shi da kansa ya kai ramin taki. Da bazara Alhaji ya dawo, amma rabin motarsa a cike take da kayan wani ƙauye da ya fara hulɗa da su, kuma cikin kowane dami biyar sai ya sa an kwance ɗaya kafin a loda.

Gwaggo ta ƙi karɓar ko dala daga hannun ƙaninta. Ta ce bashin asusu Auta ne zai biya, da guminsa, kuma shi zai kai da ƙafarsa ranar zubi a gaban mata. Sau uku ya je Tsibiri kafin ya gama, na ƙarshe da kuɗin waken gayaunarsa. Bayan nan ne aka ɗaura auren.